Yadda ƙorafin masu saye ya gyara 'yar tsanar Steiff

A shekarar 1880, wata tela a garin Giengen na kudancin Jamus, Margarete Steiff, ta ɗinka 'yar ƙaramar giwa da ƙyallen ulu domin a riƙa soke allura a jikinta. Yara suka ƙwace ta daga hannun iyayensu mata suka mayar da ita abin wasa. Margarete ta bi abin da yaran suka nuna mata, kuma daga nan kamfanin Steiff ya kama hanyar ɗinka dabbobin wasa.

Jarrabawa mafi wuya ta zo a 1902, lokacin da ɗan ɗan'uwanta Richard ya zana 'yar tsana mai siffar dabbar beyar, mai lamba 55 PB, wadda aka haɗa gaɓoɓinta da igiya don hannu da ƙafa su motsa. A baje kolin Leipzig na 1903, wani ɗan kasuwa daga Amurka ya yi odar guda 3,000. Duk da haka an yi ta ƙorafi: ta yi girma, ta yi nauyi, jikinta da tauri, ba ta daɗin runguma.

Irin wannan suka ce ke amfanar mai ɗinki, domin ta faɗi ainihin inda za a sa almakashi. Wanda ya ce "ta yi kyau" ya wuce bai ba shi komai ba, ko da ya faranta masa rai.

Richard ya koma kan gaɓoɓin. A 1904 ya gwada sandunan ƙarfe, a 1905 ya koma ga faifai mai juyawa, ya kuma sassauta cikon da ke ciki. A 1907 kamfanin ya ɗinka irin wannan 'yar tsana kusan miliyan ɗaya.