Barcin Yaro Yana Hannun Iyaye

A Birnin Konni ko Malbaza ko Illela, kowa ya san irin yaron nan ɗan shekara 4 wanda ba ya zama wuri ɗaya. A kira shi bai ji ba, a aike shi ya mance saƙo a hanya. Uwa ta ce ƙiriniya, uba ya ce taurin kai, daga nan sai bulala. To, kafin a kai hannu ga bulala, sai a tambaya: ƙarfe nawa ya kwanta jiya?

Babba in barci bai ishe shi ba, sai hamma da kasala. Yaro kuwa sai rigima da guje-guje, hankalinsa ya ƙi tsayawa kan abu guda. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da na rana, kuma kallon talabijin ko salula kada ya wuce awa 1. Ke nan mai tashi ƙarfe 6 na safe, ya kamata ƙarfe 8 na dare ta same shi a shimfiɗa.

Abubuwan da ke sace wannan barci a gidajenmu suke. Da bazara ana kwana tsakar gida, manya na hira, yaro na saurare. Ana miƙa masa shayi na uku, alhali shayi yana korar barci. Ana ba shi salula don ya yi shiru. A Galmi lokacin cirar albasa, ko a ƙauyukan Illela in maza sun tafi bida, aiki kan yi wa uwa yawa, tuwo ya kai dare bai sauka ba.

Maganin ba na saye ba ne. A tsaida lokacin kwanciya guda, kullum shi ne. A ci tuwo da wuri, a yi wanka, a yi addu'a, kaka ta yi tatsuniya, a shiga gidan sauro. Da rana a bar yaro ya yi wasa ya gaji. In za a aike shi, a dube shi ido da ido, a ba shi saƙo ɗaya. In ya cika, a yaba masa nan take. Uwa da uba da kaka su zama baki ɗaya. Kada a ba shi ƙwayar barci ta ƴan tebur. Ko a Amurka, tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta ce mai shekara 4 zuwa 5 da ke da larurar rashin natsuwa, a fara da horar da iyayensa kafin magani.

Amma fa wani rashin barcin ciwo ne. Minshari mai ƙarfi, ƙaiƙayin tsutsar ciki da dare, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, duk sai a kai yaro likita. Haka kuma in an gyara barci makonni sun shige, yaro bai natsu ba.

Malaman yaƙi da jahilci da ma'aikatan lafiya, ku kai wannan magana ajujuwa da wurin awon yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a.