Haɗeja: Gari da Koginsa

Kogin Haɗeja ba irin Kwara ba ne, wanda a da jiragen ƙasashen waje suka riƙa hawa da kaya har Lakwaja da Baro. Asalinsa kogin Kano ne da na Calawa, waɗanda ke gamuwa kafin Wudil. Daga nan ya bi ta Ringim, in ya wuce Haɗeja sai ya rarrabu cikin jigawa da fadamu, daga bisani ya gamu da kogin Jama'are, su zama Yobe, su nufi tafkin Cadi. A da yakan cika da damina, da rani kuwa ya janye ya bar gulabe. Saboda haka mashigin Haɗeja na 'yan fito ne da masunta, kuma wannan zuwa da komawa na ruwa shi ya yi garin.

An ce wai wani maharbi ne daga Macina, Haɗe, da matarsa Jiya suka fara zama a wurin. Irin wannan fassarar suna ta yi yawa a ƙasar Hausa, bai kamata a jingina da ita ƙwarai ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne shaidar harshe: Auyokawa, maƙwabtan garin, suna da harshensu, ɗan'uwan Bade da Ngizim, wanda Hausa ta haɗiye. Watau mutanen kogin nan sun daɗe suna duban gabas, wajen Barno, kafin su juyo yamma.

Bayan jihadi Sambo ya hau sarauta wajen 1808, ya mai da Haɗeja mazaunin mulki, Auyo ta koma ƙarƙashinta. Ɗansa Buhari shi ne ya yi wa Sakkwato tawaye, aka tuɓe shi ya komo da ƙarfi, bai sake bi ba har ya rasu wajen yaƙin Gogaram cikin 1863. Garin da ke da ganuwa, ga hatsi, ga kifi, ga ciyawar dawaki har cikin rani, ba ya saurin sunkuyawa. Haka kuma ranar 25 ga Afrilu, 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka kashe shi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada.

Abin da yaƙi bai rage wa garin ba, hanyar jirgi ta rage. Da aka kai dogo Nguru cikin 1930 sai ya bi ta arewa, ta Malam Madori, cinikin gyaɗa ya koma can. Haɗeja ta tsaya ga ruwanta: shinkafar fadama, da kifin banda wanda fatake ke ɗauka har Kudu.

To, yau kogin ba ya bin damina kaɗai. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, daga ƙasar Kano ake sakin ruwan. Ambaliyar da ta saba renon fadama ta ragu, ruwan rani kuwa ya daina yankewa, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Inda ta cika, kwalekwale ba ya ratsawa, tsuntsaye jan-baki kuma su kwana ciki su wayi gari a gonakin shinkafa. In ruwa ya yi yawa, kamar yadda aka gani cikin 2018 da 2022, ba ya samun mafita, sai ya hau gonaki da gidaje a Auyo da Kaugama da Guri.