Yini Guda A Kogin Danub: Abin Ci Da Abin Kiyayewa

Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a Sabon Ibadan ko Agege ya san cewa tambayar farko a gaban akushin da ba a saba da shi ba ita ce, me aka sa a ciki? To, wannan tambaya ce ke jiran Musulmin da ya shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a kwarin Wachau na ƙasar Ostiriya, inda kogin Danub ya ratsa tsakanin garin Melk da na Krems, tafiyar kilomita 36.

Jirgin yakan yi ƙasa da awa biyu in yana bin ruwa, wajen awa uku in yana hawa. Dama da hagu duwatsu ne da aka sassare hawa-hawa aka shuka inabi, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya. A garin Durnstein akwai kangon ganuwa bisa dutse, inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a 1192, yana kan hanyar komawa gida daga yaƙinsa da Salahuddin.

Abin alfaharin mutanen kwarin shi ne wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa, girman ƙwan kaza, mai ƙwallo ɗaya, wanda suke kira Marille. Yakan nuna a watan Yuli, sa'an nan za a ga manoma sun jera kwanduna a bakin hanya. Da shi suke yin Marillenknodel, wato a lulluɓe ɗan itacen da kwaɓin cuku ko na dankali, a dunƙula kamar curin fura, a dafa a ruwa, a birkiɗa cikin garin burodi da aka soya da man shanu, a barbaɗa sukari. In an ɓara shi da zafi, tsami da zaƙi suke haɗuwa, kuma gaskiya wannan kaɗai ya isa kuɗin jirgi. Akwai kuma ɗan ƙaramin burodi mai ɓawo, Wachauer Laberl, wanda aka fara gasawa a Durnstein a 1905.

Amma fa Marille ɗin nan baki biyu gare shi. Kwalbar da aka rubuta wa Marillennektar ruwan 'ya'yan itace ne marar barasa, wadda kuwa aka rubuta wa Marillenbrand ko Marillenlikor barasa ce, kuma sau da yawa kanta ɗaya ake jera su, har a miƙo wa baƙo ɗan kofi ya ɗanɗana kyauta. Haka nan inabi. Traubensaft ruwan inabi ne da bai tsima ba. Shi kuwa Sturm, wanda ake sayarwa da kaka, wajen watan Satumba da Oktoba, ga shi da gurɓi-gurɓi da zaƙi sai ka ce kunun zaƙi, alhali ya riga ya fara zama giya, yana kuwa bugarwa.

Wajen nama abin ya fi wuya. A gidajen manoman inabi da ake kira Heuriger, abin da aka fi kawowa a kan faifan katako yankakken naman alade ne, da kitsensa da ake shafa wa burodi kamar man shanu. Kalmomi uku ya kamata baƙo ya haddace: Schwein alade ne, Speck ƙyafaffen namansa, Schmalz kuwa galibi kitsensa. Ko soyayyen naman nan Schnitzel, wanda asalinsa na maraƙi ne, mai arahar sau da yawa na alade ne, na maraƙin ma wasu da kitsen alade suke soya shi.

Saboda haka mafita ita ce kifi, wanda ba ya wuyar samu a gidajen abincin bakin kogin, sai dai a roƙi mai kawo abinci a soya shi da man shanu, kada kuma a zuba giyar inabi a romonsa, domin al'adar masu girkin can ce. Wanda ya ƙagu da nama sai ya daure har Krems, ya hau jirgin ƙasa, cikin kamar awa guda yana Biyana, inda Turkawa ke da mahauta da gidajen abinci na halal.