Dirza haƙora da ƙarfi na raunata dasashi

Mutane da dama na ɗauka cewa gwargwadon ƙarfin da aka sa wajen goge baki, gwargwadon tsabtar haƙora. Likitocin haƙori kuwa na cewa wannan ɗabi'a na daga cikin abubuwan da ke raunata dasashi, kuma wata ɓarnar ba ta gyaruwa da kanta.

Batun ya shafi yankuna irin su Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi, inda aswaki da buroshi ke tafiya tare, kuma cin goro ya daɗe da zama al'ada. Tun a ƙarni na 19 Jega ta yi suna a matsayin babbar kasuwa a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Goro na rina haƙora, kuma ƙoƙarin kankare wannan ja ne ke sa wasu neman buroshi mai tauri, ko su haɗa da gawayi ko toka.

Yadda raunin ke faruwa

Dasashi nama ne mai laushi da ya lulluɓe gindin haƙori da ƙashin da ke riƙe da shi. Idan ana dirza shi daga gefe zuwa gefe kullum, sai ya ƙuje, ya yi ja, ya riƙa zafi.

Idan aka ɗauki watanni ko shekaru a haka, sai naman ya soma ja da baya, saiwar haƙori ta fito fili. Saiwar ba ta da farin ɓawo mai tauri irin na saman haƙori, shi ya sa ruwan sanyi ko shayi mai zafi ke sa mutum jin tsami har cikin kai.

Ƙujewa kan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu idan aka daina abin da ya jawo ta. Amma dasashin da ya riga ya ja baya ba ya sake tsirowa. Abin da za a iya yi shi ne a hana shi ƙaruwa, ko kuma likita ya yi aikin dasa nama a wurin.

Alama mafi sauƙin ganewa tana jikin buroshin. Idan gashinsa ya baje cikin 'yan makonni da saye, to hannun mai shi ya yi nauyi.

Jini ba dalili ɗaya gare shi ba

Ganin jini bayan goge baki kan sa wasu su ƙara ƙarfi, a zatonsu datti ne ke fita. Wasu kuma sai su daina taɓa wurin baki ɗaya. Duka biyun na ƙara matsalar.

Galibi jinin dasashi na zuwa ne daga kumburin da wata dauɗa mai yauƙi ke haddasawa, wadda ƙwayoyin cuta ke taruwa a cikinta a mahaɗar haƙori da dasashi. Wannan dauɗa mai laushi ce, shafa a hankali ya isa ya kawar da ita. Idan aka bar ta kuwa, takan daskare ta zama kamar dutse, wanda ƙarfin hannu ba ya cirewa sai kayan aikin likita.

A rahoton da ta fitar a shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutane biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki, kuma ciwon dasashi mai tsanani ya shafi sama da mutane biliyan 1.

Yadda ake jinyar wurin

Mataki na farko shi ne a koma ga buroshi mai laushi, a riƙe shi da yatsu kamar yadda ake riƙe alƙalami, ba a dunƙule shi cikin tafin hannu ba.

Ana karkata shi wajen dasashi, a riƙa ɗan juya shi a hankali, haƙori bayan haƙori, na tsawon minti 2, safe da dare, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ana sauya buroshi bayan kamar wata 3.

Kuskure baki da ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, sau biyu ko uku a rana, na rage raɗaɗi. Kafin wurin ya warke, yana da kyau a rage yaji, da abu mai tsami irin su lemun tsami da tsamiya, da abinci mai zafi ƙwarai.

Likitoci na gargaɗi game da ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin tana ƙona naman. Haka ma cusa garin taba a baki, ko goga gawayi da toka, waɗanda ke kankare haƙori su kuma ƙuje dasashi.

Matsayin aswaki

Aswaki sunna ce da Musulmi ke riƙo da ita, musamman lokacin alwala da salla. Tun a shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da shi, kuma bincike ya nuna itacen arak na ɗauke da sinadaran da ke yaƙar ƙwayoyin cutar baki.

Sai dai wani bincike da aka wallafa a 1991 kan masu amfani da aswaki a Saudiyya ya gano cewa janyewar dasashi ta fi yawa a tsakaninsu. Masana na danganta hakan da yawan gogawa da kuma ƙarfin hannu.

Wanda ke aswaki sau biyar ko fiye a rana ya fi kowa bukatar sassauci. Ana jiƙa busasshen aswaki, a tauna kansa har ya yi laushi, a riƙa shafawa daga dasashi zuwa bakin haƙori, sannan a riƙa datse kan da ya tsufa. Haka abin yake ga masu amfani da reshen dogon yaro.

Lokacin zuwa asibiti

Idan jini ya wuce mako biyu duk da an sassauta, ko aka ga mugunya, ko warin baki da ya ƙi tafiya, ko haƙori na girgiɗa, to lamarin ya wuce na buroshi. Ciwon suga, da juna biyu, da ƙarancin bitamin C duk na iya sa dasashi zubar da jini.

Mazauna ƙauyukan yankin kan fara da asibiti mafi kusa, daga nan a tura su wajen likitan haƙori a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Yara ƙanana kuwa ba a jira da su. Cutar noma mai cin fuska, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, daga gyambon dasashi take farawa, kuma tana iya ɓata kumatu cikin 'yan kwanaki.

Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Idan aka kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita.