Yadda Za Ka Tsara Fom Ɗin Duba Majiyyaci a Word

Duk likitan da ke ganin majiyyata da yawa a rana ya san gajiyar maimaita rubutu iri ɗaya: ƙirji lafiya, ciki da laushi, ƙafa babu kumburi. Manhajar Microsoft Word za ta iya rage maka wannan wahala, danna linzamin kwamfuta sau ɗaya ya wadatar.

Da farko ka fito da sashen Developer, domin a ɓoye yake zuwa. Shiga File, sai Options, sannan Customize Ribbon, ka sa masa alama. A cikinsa akwai ɗan akwatin da ya fara zuwa a Word 2010: ka danna ya sa alama, ka sake dannawa ya goge. Tsohon samfurin akwatin kuwa ba ya karɓar alama sai ka kulle takardar ta Restrict Editing, ka bar damar cike fom kaɗai.

Sai dai akwatunan nan ba su san da juna ba. Cikin sauri kana iya danna "akwai shawara" da "babu shawara" duka, Word ba za ta ce uffan ba. Inda amsa ɗaya ake so, yi amfani da Drop-Down List.

Kada kuma ka ajiye fom da "lafiya" a cike tun farko. Sa ya buɗe da "ba a duba ba". In ba haka ba, ranar da aiki ya yi yawa ka tsallake sauraron ƙirjin yaro, takarda za ta ce huhunsa ƙalau, likitan da ya karɓe ka kuma da ita zai yi aiki.