Kayan Rubutu na Gargajiya da Adana Tsofaffin Takardu

Tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, sarakuna suna da magatakarda, kuma yawancin kayan aikinsu a ƙasar nan ake yi. Alƙalami da gamba ake fiƙe shi. Tawada kuwa iri biyu ce. Ta allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, don ta wanku. Ta takarda da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ake jiƙa ta, gama ita ba ta saurin koɗewa.

Takarda ce ake sayowa daga waje. Fatake ne ke kawo ta daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar. In an ɗaga irinta a rana, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata uku.

Ba a ɗinke littafi. Sai a jera warƙoƙinsa cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, sa'an nan a sa a gafaka, wadda dukawa ke ɗinkawa da fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi. Wannan dabara ce ta tsare mana wasiƙun magabata.

Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu su bincika irin takardun nan a gundumominsu. Kada a ajiye su a ƙasa ko jikin bango, inda gara da laima ke cin su. A mayar da su gafaka, a rataye. Abin da gara ta ci ba ya dawowa.