Ba Zurfin Rami ke Riƙe Ƙarfen Sabis ba

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ƙarafan sabis suka cika unguwanni, kuma duk inda aka fara haƙa ramin kafa ɗaya sai maganganu su biyo baya. Wani ya ce nauyinsa zai danne ƙasa ya tsattsage katangun maƙwabta, wani ya ce ramin bai yi zurfi ba, iskar farkon damina za ta kayar da shi, wani kuma ya rantse ya ga an binne wani abu a gindinsa. Wannan tsoro ba abin raini ba ne, domin ƙarfe ne mai tsawon mita 30 ko 50 a tsaye a kan gidajen jama'a. Sai dai yawanci ana ɗora tsoron a inda ba nan haɗarin yake ba.

Maganar nauyi ita ce mafi rauni. Ƙarfen sabis saƙa ce ta ƙarafa, gidan bene na siminti ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da injiniya ke tsoro shi ne iska. Idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta yakan ninka sau huɗu, kuma can sama take kama shi, inda aka ɗaure eriyoyi da faya-fayai. Sai ƙafafun gefe ɗaya su danna ƙasa, na ɗaya gefen kuma su nemi tumɓukewa. Saboda haka aikin harsashin ya fi kama da na turken da ke riƙe ingarma: kankaren da aka zuba da ƙasar da aka mayar a kansa su ne ke hana ƙafar tashi. Dunƙulen kankare mai mita ɗaya ta kowace fuska yakan kai kusan kilo 2,400.

Daga nan za a gane me ya sa leƙa rami ba ya faɗa wa mutum komai. A wuraren da dutse ke kusa da sama, kamar sassan Kano da Zariya da Jos, faffaɗan kankare marar zurfi sosai yana iya wadatarwa, wani lokaci ma a jikin dutsen ake kafe shi. Amma a baƙar lakar firgi ta Borno, wajejen Dikwa da Marte da Ngala inda ake noman masakwa, ƙasa na kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shige. A nan dole harsashi ya wuce wannan shimfiɗar mai motsi, ko a kwashe ta a cike da marmara a daddaɓe. Fadama kuma matsalarta daban ce, kuma ita ce mutane suka fi mantawa: idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya rufe kankare, wancan dunƙule mai kilo 2,400 yakan yi riƙon kilo 1,400 kawai, domin ruwa na ɗaga shi. Harsashin da aka auna da lissafin rani zai iya gazawa a watan Agusta. Shi ya sa ake haƙa a ɗebo ƙasar wurin a gwada ta, a duba inda ruwa ke tsayawa, kafin a zana komai.

Mai musu zai ce ai an sha ganin ƙarfen sabis ya faɗi, kuma gaskiya ne. A nan jita-jitar ke da tushe. Ɗan kwangilar da ya tsallake gwajin ƙasa, ya kwafo zanen wani gari, ya rage rodi ko siminti, ko ya ɗora ƙarfe kafin kankare ya yi ƙwari, alhali sai bayan kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa, ya shuka haɗari. Haka ma idan aka riƙa ƙara eriyoyi ba tare da sake lissafi ba, ko zaizayar ruwa ta kwashe ƙasar gindin, ko ɓarayi suka kwance ƙarafa. Tsagewar katanga ma tana faruwa, amma lokacin haƙa ne, idan aka yi rami daf da ginin ƙasa ba tokari, ruwan sama ya cika shi. Wannan na daga cikin amfanin tazarar da hukumomi suka gindaya tsakanin ƙarfen da gidaje, wadda aka taɓa samun saɓani a kanta: hukumar sadarwa NCC ta ce mita 5, hukumar muhalli NESREA ta ce 10.

Abin da ake binnewa kuwa sandunan jan ƙarfe ne da wayoyi, masu kai aradu cikin ƙasa idan ta faɗo, kuma wasu masu aikin sukan zuba gawayi da gishiri a ramin don wutar ta sami hanya. Batun rijiya kuwa, kankare ba ya ƙafar da ita. Abin da ke iya ɓata ta shi ne man dizal da baƙin man janareta idan suna yoyo. Mai unguwar da aka zo kafa ƙarfe a yankinsa, takardar gwajin ƙasar wurin ya kamata ya nema, ya kuma tambaya ina ruwan damina ke kaiwa a lissafinsu, da inda za a ajiye tankin mai.